Ga masu tsohuwar tsabar fam ɗaya a ajiye

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ganin wasunmu na shirin tafiya Birtaniya, na ce bari in tuna mana: tsohuwar tsabar fam ɗaya, zagayayyar nan ta 1983, ta daina aiki a shaguna tun 15 ga Oktoba 2017. Sabuwar ta fito ranar 28 ga Maris na shekarar, mai gefe 12 da launi biyu, ruwan zinariya a baki, ruwan azurfa a tsakiya. In ka karkata ta, alamar fam da ke ƙasa sai ta koma lamba 1. Jabu ne ya yi yawa, kusan ɗaya cikin 30 na tsohuwar, shi ya sa aka canza.

An sha wahala lokacin sauyin. Injinan sayar da lemo, na biyan kuɗin ajiye mota, har kekunan tura kaya a manyan kantuna, wasu suna tofar da sabuwar, wasu tsohuwar, sai da aka gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Don Allah ku duba aljihun tsofaffin jakunkuna, ni ma na tsinci guda bakwai. Mai asusu a can ya kai bankinsa a zuba masa. Wanda ba shi da asusu ya ba ɗan uwa mai shi.