Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Likitocin Asibiti

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, manyanmu ƙwararru, da sauran 'yan uwa abokan aiki.

A babban taron bara kun ɗora wa wannan kwamiti aiki guda a gaba da komai: mu bi diddigin yadda ake ɗaukar likitoci a asibitocin da muke aiki, yadda ake biyan su, da abin da zai sa wanda aka ɗauka ya zauna. Ga abin da aka yi, da abin da bai yiwu ba tare da dalilinsa.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ba a samu adadin da ake bukata ba, kuma bayanansu suna cikin kundi ga mai son dubawa.

Kuɗin ƙungiya

Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla, amma dole in faɗi nawa, domin kusan duk abin da ya tsaya a bana a nan ya tsaya. Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai waɗanda ba su biya ba. An aika saƙo a zaure, an aika wa kowa shi kaɗai, an buga waya, an sauƙaƙa hanyar biya har mutum zai iya turawa yana zaune a ɗakin hutu. Wasu sun ce albashi bai shigo ba, kuma mun san gaskiya ne a wasu wuraren, shi ya sa kwamiti ya amince a riƙa biya kashi-kashi. Amma akwai waɗanda albashinsu bai taɓa makara ba, suna ganin saƙo suna wucewa. Ni da ma'aji likitoci ne kamar ku, muna kwana a asibiti kamar ku, ba a biyan mu ko sisi a kan wannan aiki. Lokacin da muke ɓatawa wajen bin bashi lokaci ne da ya kamata mu ba rubuta takardu da zama da hukumomin asibiti. Ina roƙo a fahimci wannan kafin a tambaye mu me ya sa kaza bai kammala ba.

Taron ƙara wa juna sani

Alhamdu lillahi, wannan kam ya yi kyau fiye da yadda muka yi zato, kuma ina alfahari da shi. Tun kafuwar ƙungiya ba mu taɓa zama a ɗaki ɗaya da shugabannin asibitoci da jami'an kula da ma'aikata ba tare da rikici ne ya haɗa mu ba. Wannan karon sun zo a matsayin baƙi, sun zauna har aka tashi, wasu ma sun nemi a ba su kwafin takardun da aka gabatar. Ɗakin ya cika har aka ƙaro kujeru, kuma likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda yawanci ba a jin bakinsu a gaban manya, su ne suka fi kowa magana.

Takarda ta farko ta nuna mana cewa ƙarancin likitoci ba ciwon asibiti ɗaya ko ƙasa ɗaya ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya kimanin miliyan 10 nan da shekarar 2030, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Su kansu masu arzikin ba su tsira ba. Ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka ta ce a rahotonta na 2024 ƙasar za ta iya rasa likitoci har 86,000 nan da 2036, saboda jama'a na tsufa kuma likitocin da kansu na tsufa suna ritaya. Ingila ta fitar da shiri a 2023 na ninka guraben karatun likita zuwa 15,000 a shekara. Sai dai daga ranar da ɗalibi ya shiga makaranta zuwa ranar da zai zama ƙwararre ana haura shekara goma, kuma asibitin da ke da giɓi yau ba zai jira ba. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko wanda wani ya riga ya horar. Shi ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu, 37 daga ciki a yankin Afirka. Ƙa'idar ta ganin dama ce, ba ta hana likita nema da kansa, kuma ba wanda ya isa ya ga laifin mutum don ya nemi inda za a daraja aikinsa. Abin da mai gabatarwa ya so shugabanni su gane shi ne, yanzu kowane asibiti yana gasa ne da duniya gaba ɗaya, ba da maƙwabcinsa kaɗai ba.

Takarda ta biyu kan albashi ce, kuma a nan ne muhawara ta yi zafi. An kwatanta hanyoyi biyu. Akwai albashi tsayayye, wanda ke ba likita kwanciyar hankali amma ba ya bambanta mai kwana a tsaye da mai zuwa ya sa hannu ya tafi. Akwai kuma biya gwargwadon yawan aiki, irin wanda ya yaɗu a Amurka inda kowane aiki ke da makinsa. Wannan yana ƙara himma, amma yana fifita aikin da ake iya ƙirgawa, kamar tiyata da gwaje-gwaje, a kan zama da majinyaci a saurare shi, da koyar da na ƙasa, da bayani ga dangin wanda ke gargara. An kawo misalin Koriya ta Kudu, inda a Fabrairun 2024 dubban likitoci masu neman ƙwarewa suka ajiye aiki bayan gwamnati ta ce za ta ƙara guraben karatu 2,000. Ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce ƙarin adadi ba zai cike sashen yara da na haihuwa da na gaggawa ba matuƙar biyan waɗannan sassan bai kai na gyaran fata da kwalliya ba. Ko mutum ya yarda da matakin da suka ɗauka ko bai yarda ba, wannan hujjar mun san ta a asibitocinmu. Sassan da suka fi wahala su ne suka fi rasa mai nema. An kuma tuna da Ingila, inda ƙananan likitoci suka fara yajin aiki a Maris 2023, suka karɓi ƙarin kusan kashi 22 cikin ɗari na shekara biyu a Satumban 2024, amma a 2025 suka sake komawa yajin. Idan aka bar albashi ya daɗe yana bin bayan tsadar rayuwa, ƙari ɗaya ba ya goge ɓacin ran da ya taru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman rana, kan lokutan aiki. Ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade matsakaicin awa 48 a mako. Amurka ta sa iyakar awa 80 ga masu neman ƙwarewa tun 2003. Japan, wadda aka sani da yawan aiki, ta fara aiki da iyakar awa 960 na ƙarin lokaci a shekara ga likitoci a Afrilun 2024, tare da wasu keɓantattun yanayi. Bayan an karanta waɗannan sai wata 'yar uwarmu, mai neman ƙwarewa a sashen yara, ta tashi ta ce ita abin da zai kore ta ba adadin awoyin ba ne kaɗai. Ba ta sanin ranar da za ta kwana a asibiti sai kwana biyu kafin ranar, hutun shekararta an ɗage shi har ya wuce, kuma idan ta fito daga aikin dare ana sa ran ta zarce asibitin safe. Ɗakin ya yi tsit, sannan mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin irin nasu: ɗakin kwanan masu jiran kira da ba ya kulluwa, alawus ɗin aikin dare da ke zuwa bayan watanni, ƙarin girma da ba a san ma'auninsa ba, dangin majinyaci da ke cin zarafi ba mai tsaya maka. Yawancin waɗannan ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Wani shugaban asibiti, Allah ya saka masa da alheri, ya fito fili ya ce abin da yake kashewa wajen hayar likitan wucin gadi don toshe gurbi ɗaya ya fi abin da zai kashe ya gyara duk waɗannan, kuma bai taɓa haɗa lissafin biyu wuri ɗaya ba sai ranar. Ɗaukar sababbi alhali tsofaffi na fita zuba ruwa ne a kwando, domin kowane wanda ya tafi yana barin aikinsa a kan waɗanda suka rage, su ma su gaji su bi shi.

Ba a tashi hannu rabbana ba. Wasu daga cikin shugabannin sun yi alkawarin fitar da jadawalin aiki wata guda kafin lokaci, da kuma zama da duk likitan da ya miƙa takardar barin aiki a ji dalilinsa a rubuta. Membobinmu a wasu asibitocin sun tabbatar an fara na jadawalin. Godiya ta musamman ga ƙaramin kwamitin shirya taro, waɗanda suka cike giɓin kuɗi daga aljihunsu kuma har yau ba a mayar musu ba, da manyanmu da suka gabatar da takardu ba tare da karɓar komai ba.

Abubuwan da ba su kammala ba

Binciken dalilan barin aiki shi ne wanda aka fi yi mana gori a kansa, don haka zan yi bayani sosai. An tsara tambayoyin, manyanmu sun duba sun gyara, an sa su a intanet yadda za a cike ta waya, kuma ba a neman suna. Amsoshin da suka dawo ba su kai yawan da za mu iya kai wa wata hukuma mu ce ga matsayin likitoci ba. Da mun buga sakamako a haka, jami'i na farko da zai gani zai tambayi mutum nawa suka amsa, daga nan maganar ta mutu, har da ta shekara mai zuwa. Kwamiti ya zaɓi ya jira, kuma ina nan a kan cewa daidai muka yi. A wurin taron shugabannin nan sun tambaye mu alƙaluma: likita nawa suka bar kowane sashe, bayan shekara nawa, ina suka nufa. Labarai muke da su, masu ratsa zuciya, amma kasafin kuɗi ba a gyara shi da labari. Wannan dama ce da ta zo hannunmu, kuma rashin cike fom ne ya hana mu cin moriyarta gaba ɗaya.

Samfurin kwantiragi, wanda sabon likita zai riƙe ya gwada da abin da aka miƙa masa kafin ya sa hannu, an rubuta daftarinsa. Ya ƙunshi yawan kwanan asibiti a wata, hutun bayan aikin dare, hutun haihuwa, izinin tafiya karatu, wa'adin sanarwa kafin barin aiki, da wanda zai ɗauki nauyi idan aka kai ƙara kan kuskuren aiki. Abin da ya rage lauya ya duba, kuma lauya kuɗi yake karɓa. Ba za mu raba wa matasa takardar da ba a tantance ba su je su dogara da ita. Ranar da kuɗin shekara suka shigo, ranar za a kai.

Shirin haɗa sababbin likitoci da manya masu ja-gora ya samu matasa da yawa da suka rubuta suna, amma manyan da suka amsa kaɗan ne ƙwarai, har muka ga idan aka fara za a lafta wa mutum ɗaya abin da ba zai iya ba. Na san nauyin da ke kan ƙwararrunmu, kuma da ladabi nake faɗa: shekarun farko su ne lokacin da likita ke yanke shawarar zama ko tafiya, kuma sau da yawa abin da ke riƙe shi babba ne guda da ya san sunansa yake tambayar halin da yake ciki. Awa ɗaya a wata muka roƙa.

Batun asibitocin da ke nesa da birane ba mu taɓa shi ba sam, saboda babu kuɗin tafiya. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010, da aka sabunta a 2021, sun nuna cewa ɗalibin da ya taso a karkara kuma ya yi wani ɓangare na horonsa a can shi ya fi zama, kuma alawus shi kaɗai ba ya riƙe mutum in babu gida da makarantar yara da hanyar ci gaba da karatu. Muna so wannan ya zama jigon taron baɗi, idan membobinmu da ke can za su taimaka da bayanai.

Ga waɗanda ba ma gani

Akwai sunaye a rajista da ba ma jin ɗuriyarsu sai ranar da aka riƙe musu alawus ko aka ba su takardar tuhuma. A ranar sai waya ta yi ta ƙara, a ce ina ƙungiya take. Ba mu taɓa mayar da kowa ba, kuma ba za mu fara ba. Amma ƙarfin da muke shiga ofis da shi a madadinku daga yawan masu biya da masu halarta yake fitowa, kuma hukumomi sun san adadinmu na gaskiya. Abin yana yi mini ciwo, domin mutanen da ke riƙe da ƙungiyar nan su ne dai waɗanda jadawalinsu ya fi na kowa cika. A bana kuma mun yi bankwana da wasu daga cikin masu himmar, sun koma wasu asibitoci ko wasu ƙasashe. Muna yi musu fatan alheri, kuma kujerunsu a kwamiti har yanzu ba wanda ya nemi ya hau.

An sake buɗe fom ɗin binciken, zai kasance a buɗe har zuwa taron wata mai zuwa, kuma wakilin kowane asibiti zai kawo adadin waɗanda suka cike a wurinsa. Mai bashin kuɗin shekara ya ga ma'aji a yau kafin ya fita, ko da kashi na farko ne. Ana kuma neman mutum biyu da za su karɓi kujerun da suka zama babu kowa, ɗaya daga cikin masu neman ƙwarewa, ɗaya daga asibitocin nesa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa