Wasiƙa daga Lyon zuwa ga Yayana a Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, ga aikin kula da tsofaffin nan da nake yi gida gida, alhamdu lillahi ana samun na rufin asiri.

Saƙon muryarka ya iso, sau uku na saurare shi. Ban amsa nan take ba don na fi so in zauna in rubuta da natsuwa. Ka ce hoton ɗiyarka cikin rigar ƙwallo bai yi maka daɗi ba, kana tsoron a ce mun zo Turai mun saki tarbiyya. Tun rasuwar Baba kai ne ubanmu, maganarka ba abar tsallakewa ba ce gare ni. Roƙona kawai ka bari in ba ka labarin matar da ta sa yarinyar nan ta zaɓi tsaron baya, daga nan ka yanke abin da ka gani.

Sunanta Wendie Renard. Ka san ta, ko da sunan ya ɓace maka. Ita ce doguwar nan da ta ci Najeriya a Kofin Duniya na 2019, wasan da aka yi a Rennes ranar 17 ga Yuni, wanda ka bugo mini waya bayansa kana ta faɗa. An ba Faransa fenareti, aka kori Ngozi Ebere, Wendie ta buga ƙwallo ta daki turke ta fita. Muna cikin murna sai aka duba na'ura aka ce ƙafar Chiamaka Nnadozie ta bar layi, a sake. Ta sake, ta ci, aka tashi 1 da 0. Daren nan na ji haushinta har cikin raina, don abin da ya taɓa hanci idanu kan yi ruwa, kuma mai tsaron ragar nan shekarunta 18 kacal. Har yau ina ganin an tsananta wa 'yan Najeriya. Sai daga baya na tambayi kaina, wace irin zuciya ce ke sa mutum ya ɓarar da fenareti gaban dubban jama'a, ya sake ɗaukar ƙwallon da hannunsa ya aje ta wuri guda?

Ba a nan Faransa ta tashi ba. An haife ta a 1990 a Martinique, wani tsibiri can tekun Karebiyan da ke ƙarƙashin Faransa, tafiyar awa takwas a jirgin sama. Garinsu Le Prêcheur, ɗan ƙaramin gari bakin teku a gindin dutse mai aman wuta. Tana da shekara takwas mahaifinta ya rasu. Da yara maza ta koyi ƙwallo. Ba ta haura shekara 16 ba ta tsallako teku don gwaji a Clairefontaine, cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa, ba a ɗauke ta ba. Ba ta koma gida ba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, nan aka gwada ta aka karɓe ta a 2006. Yaya, wannan wurin ne ya kama ni. Na tuna ranar da na sauka garin nan da akwati ɗaya, ban san kowa ba sai maigidana, ban san yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa ba, ni kuwa a lokacin na haura ashirin.

Tun daga 2006 ba ta canza riga ba. Ka san yadda 'yan ƙwallo suke, yau nan gobe can, inda kuɗi ya fi. Ita kam Lyon, Lyon. Da ita suka ci gasar Faransa sau 14 a jere, daga 2007 zuwa 2020. Kofin Zakarun Turai sau takwas ta ɗaga shi, na farko a 2011 a Landan, inda suka doke Turbine Potsdam ta Jamus 2 da 0, kuma ita ta fara zura ƙwallo a wasan, ga ta mai tsaron baya. Tun 2013 take kyaftin ɗin kulob ɗin.

Mun je mun gan ta da idonmu a babban filin da ke Décines, bayan gari, ni da ɗiyarka. A talabijin ba ka ganin aikinta, don kyamara ƙwallo take bi. A fili kuwa ko ƙwallo tana can gaba, Wendie ba ta hutawa. Hannu a miƙe, tana ja da wannan baya, tana tura waccan gefe, muryarta har inda muke zaune. Tsawonta mita 1.87, amma ba ta cika zubewa ƙasa don ƙwace ƙwallo ba, tun kafin a bugo ta riga ta tsaya inda za ta faɗo. In aka samu kwana sai ta taho daga baya a hankali, ba gaggawa, 'yan ɗayan ɓangaren su yi ta nuna ta da yatsa, kowa ya san kanta za a nema, kuma duk da haka sau da yawa ita ke riga kowa tashi. Yarinyar nan ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, dubi, ita ke gaya wa kowa inda zai tsaya." Tun ranar ta daina cewa tana son cin ƙwallaye.

Da rigar ƙasa kuwa abin bai zo mata da sauƙi ba, kuma wannan ɓangaren ya fi koya mini. Ta fara buga wa Faransa a 2011, ta yi wasa fiye da 160, ta ci ƙwallaye fiye da 30, amma ba ta taɓa ɗaga babban kofi da ƙasar ba. Na huɗu a Kofin Duniya na 2011, na huɗu a Olamfik na 2012. A Kofin Duniya na 2019, a gida, ta ci Koriya ta Kudu biyu da ka a wasan buɗewa, ta ci gida a wasan Norway, ta ci Amurka ɗaya amma aka fitar da su 2 da 1. A 2017 sabuwar koci, Corinne Diacre, ta karɓe mata kyaftin. Ta ci gaba da zuwa tana buga wasa a ƙarƙashin wata kyaftin har aka maido mata a 2021. A Fabrairun 2023, saura watanni a tafi Kofin Duniya, ta fito fili ta ce ba za ta iya ci gaba da wasa a tsarin da ake kai ba, wasu manyan 'yan wasa biyu suka bi bayanta. Aka sauke kocin, aka kawo Hervé Renard, wanda ka sani, shi ya ci Kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kwaddebuwa a 2015. Suna ne kawai ya zo ɗaya, ba dangi ba ne. Ta dawo, ta ci Burazil da ka a Ostireliya ana dab da tashi. Sai ga shi a 2025 wani sabon koci ya bar ta a gida, aka tafi gasar Turai ba ita. A ganina ba a yi mata adalci ba, mace mai irin wannan hidima ta cancanci a sallame ta da mutunci. Ta koma kulob ɗinta ta ci gaba da aiki.

Yanzu ga abin da ke damuna ni ma, ba zan ɓoye maka ba. Hukumar ƙwallon Faransa ta hana sa ɗankwali a wasannin gasa, kuma a Yunin 2023 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta goyi bayanta. Alhali FIFA ta yarda da shi tun 2014, kuma a Kofin Duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko, ita ma mai tsaron baya, ta buga da hijabinta duniya na kallo. Ɗiyarka shekarunta 12. Tana sa dogon wando ƙarƙashin gajeren, da riga mai dogon hannu, 'yan mata ne zalla a ƙungiyar unguwarmu, kuma ni ko babanta ke kai ta mu tsaya har a tashi. Ranar Asabar in ta dawo, ta wanke takalminta, ta yi wanka, ta ɗauki allonta ta tafi Islamiyya, ta kai izu shida. Na san ranar tana zuwa da za a ce ta zaɓa tsakanin kanta a rufe da fili. Na riga na faɗa mata, ta yi shiru, sannan ta ce ta san wanda za ta ɗauka, kuma ba fili ba ne. Na yi kuka a ɗaki ranar, don na san yadda take son abin nan.

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, ka bar ta ta yi 'yan shekarun da suka rage mata da albarkarka. In ka ce a'a zan cire ta, amma ina so ka fara magana da ita da kanka. Ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku za mu bugo ta WhatsApp, tana son nuna maka lambar da aka ba su.

Na turo jaka hamsin ta hannun da ka sani, talatin na maganin Inna ne, sauran a ƙara a kuɗin makarantar yara. In an samu mai zuwa a aiko mana da kilishi da yaji da kuka, namu ya ƙare tun watan jiya. Maigida yana gaishe ka. A gaida Inna da kyau, a ce ta sa mu a addu'a, a gaida matan gida da yara da duk mai tambayata.

Wassalam,
Ƙanwarka