Wasiƙa zuwa ga Abba kan littattafan Girkawa

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya ƙare.

Saƙonka ya iso. Ka ce a wannan zangon an ɗora muku Iliyad da Odisi, dogayen waƙoƙin Homa, da wasannin kwaikwayo na Sofokilis guda biyu, kuma abokanka sun sauke taƙaitaccen bayani a waya suna cewa ya ishe su jarrabawa. Ka kuma ce ranka bai kwanta da littafin da gumaka suka cika shi ba. Bari in fara da wannan, don shi ne mai sauƙi. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, wanda ka ci sunansa, ya karanci waƙoƙin Jahiliyya a zaure gaban malaminsa, su Imru'ul Ƙaisi da Antara, kuma hakan bai rage masa ko raka'a ɗaya ba. Malamai sun karantar da su don harshe da sanin halin ɗan Adam. Ibn Rushdi na Andalus alƙali ne, malamin fiƙihun Malikiyya, amma ya zauna ya yi sharhi a kan littafin Aristotal mai bayanin irin waɗannan wasanni. Ka san Ubangijinka. Su Zus, gumakan Girkawa, tatsuniyar mutanensu ce, ka karanta su a haka.

Batun taƙaitawa ne ya hana ni barci.

Iliyad baiti ne fiye da 15,000, an kasa shi kashi 24, an kuma tsara shi wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Don kunne aka yi shi, rera shi ake yi a gaban jama'a. Shi ya sa za ka ga ba a cika ambaton jarumi haka kawai ba, sai da kirarinsa: Akilis mai saurin ƙafa, Hekta mai horar da dawaki. Turawa sun daɗe suna mamakin wannan maimaici, har sai da wani malami ɗan Amurka, Milman Parry, ya je Yugoslabiya a shekarun 1930 ya naɗi mawaƙan da ba su iya karatu ba, ya gane yadda mawaƙin baka yake gina baiti nan take. Kai da ka tashi kana jin makaɗan fada suna wasa sarki, ba ka bukatar a kai ka ko'ina. Ka ɗaga murya ka karanta, za ka ji gangar a ciki.

Mutane suna zaton labarin dokin katako ne, wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka ci garin Tiroyi. Babu dokin a cikin Iliyad. 'Yan makonni ne kawai a shekara ta goma ta yaƙin Tiroyi, kuma kalmar farko a waƙar ita ce fushi. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace wa babban jaruminsu Akilis kuyangar da ya samu a ganima, Akilis ya yi zuciya ya koma tantinsa, ana karkashe mutanensa yana kallo. An aiko masa da dattawa da ban haƙuri da kyauta, ya ƙi. Sai da Hekta, jarumin Tiroyi, ya kashe amininsa Fatrokilus sannan ya tashi, ya kashe Hekta, ya ɗaure gawar a bayan keken yaƙinsa yana ja a ƙasa, kwana da kwanaki.

To, ka kai kashi na 24, Abba. Firiyam, sarkin Tiroyi, mahaifin Hekta, tsoho tukuf, ya ɗora fansa a keken alfadarai ya ratsa sansanin abokan gaba cikin dare. Ya shiga tantin Akilis, ya durƙusa, ya kama gwiwoyinsa, ya sumbaci hannayen da suka kashe masa 'ya'ya. Abin da ya roƙa shi ne Akilis ya tuna nasa uban, tsoho kamarsa, can gida yana jiran ɗa. Suka fashe da kuka su biyu, wannan yana kukan Hekta, wancan yana kukan ubansa da amininsa. Akilis ya sa aka wanke gawar, shi da kansa ya ɗauke ta ya ɗora a makara, aka yanka tunkiya suka ci tare, ya yi alkawarin tsayar da yaƙi kwana 11 a yi jana'iza. A taƙaitawar abokanka wannan layi ɗaya ne: an mayar da gawa.

Na san wannan labari tun ina kwalejin horar da malamai, na ma ci jarrabawa a kansa. Amma taku ɗari biyu tsakanin ƙofata da ƙofar Baffanka sun gagare ni shekara bakwai. Ka san maganar gonar fadama, ko da yake ba mu taɓa zama mun yi ta ba. Ni ne da gaskiya, takarda tana hannuna, har yau tana cikin akwati. Na riƙe gaskiyata yadda Akilis ya riƙe tasa, ina jira ƙanena ya zo ya durƙusa. Ranar da na shiga gidansa, na tarar an riga an yi masa wanka. Ni na shiga kabari na karɓe shi.

Shi ya sa nake so ka karanta Antigoni a hankali, wasan Sofokilis da aka nuna a Atens wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗalibai suna rububin yabon yarinyar da ta ƙi bin dokar sarki ta zuba wa gawar ɗan'uwanta ƙasa, kuma ta cancanci yabo. Kai dai ka sa ido a kan sarkin, Kiriyon. Ba mahaukaci ba ne. Garin Tebes ya fito daga yaƙi, mamacin ya kawo wa garinsu hari, sarki yana son a san doka doka ce. Ɗansa Hemon ya zo masa da ladabi, ya tuna masa cewa in rafi ya kawo ambaliya, itacen da ya sunkuya shi ke tsira da rassansa, wanda ya ƙame kuwa har saiwa ake tumɓuke shi. Kiriyon ya ji haushin a ce yaro ne zai koya masa mulki. Daga baya ya sauko, amma kafin ya isa kogon da ya rufe yarinyar ta rataye kanta, ɗansa ya bi ta, matarsa ta bi ɗan. Kana shekara goma sha biyu, ranar wata Sallah, ka tambaye ni yaushe za mu je gaida Baffa. Na daka maka tsawa a gaban mutane. Duk lokacin da na karanta maganar Hemon, muryarka nake ji.

Na samu labarin cewa babban ɗan Baffanka yana garin da kake, yana koyon gyaran mota. Ba ku da hannu a abin da ya shiga tsakanin iyayenku. Ka neme shi ranar Juma'a bayan an sauko, ka riƙa masa wani abu ko da lemo ne, ka ce ni na aiko ka. In ya ɗaure fuska ka zauna, in bai ba ka wurin zama ba ka tsaya, sati mai zuwa ka koma.

Na turo maka kuɗi ta hannun yayarka. Ka sayi cikakken littafi, fassarar da aka yi cikin waƙa in ka samu. Shafi goma bayan asuba ya isa. Odisi zai fi yi maka sauƙi, labarin mutum ne da ya yi shekara goma yana neman hanyar gida, amma ka fara da Iliyad. Idan ka kai kashi na 6, inda jaririn Hekta ya tsorata da gashin dokin da ke kan kwalkwalin ubansa, uban ya cire ya ajiye a ƙasa ya ɗauke shi, ka kira ni mu yi magana.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.