Godiya ga shagon kayan asibiti da ya ɗauke mu da mutunci a Ikeja

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren 'yan agaji na wani masallacin Juma'a a Agege, kuma da yawun 'yan uwana nake miƙa godiya ga shugaba da ma'aikatan shagon da muka sayi mutum-mutumin koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Bara, ana sallame Juma'a, wani dattijo mai sayar da goro ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa. Mu ne sanye da kaki, mu jama'a suka zuba wa ido. Wani ya yayyafa masa ruwa, wani yana yi masa fifita da hula, ni kuma ina ta kiran lambar agajin gaggawa ta 112. Kafin mu ratsa cunkoso mu isa asibiti, rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma likita ya ce mana ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina isa gare ta, ga shi ko mutum ɗaya cikinmu bai iya danna ƙirji ba. Maganar nan ta hana ni barci.

Muka yi karo-karo muka shiga Ikko nema. A wani shago ko ɗago kai ba a yi ba, sai "aboki, wannan ba kayanku ba ne". Wani ya ce ba zai buɗe kwali ba sai ya ga kuɗi. Muka dawo rai a ɓace.

A shagonku kuwa, wata baiwar Allah Bayarabiya ta ba mu kujeru, ta kira mai gadinku da ke jin Hausa don ya riƙa fassara wa shugabanmu. Sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa a ƙasa, ta kwantar da mutum-mutumin, ta ce in matso. Ta nuna min in sa gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, kar in lanƙwasa gwiwar hannu. Na danna, shiru. Ta ce in ƙara nauyi. Sai da ƙirjin ya nutse kamar santimita 5 na ji ya yi "ƙas". Ta riƙa tafa hannu ina bi, don ana son dannawa 100 zuwa 120 a minti, kuma bayan kowace 30 a hura iska sau 2 har a ga ƙirji ya taso. Kafin minti biyu gumi ya jiƙa min riga. Da shugabanmu ya ce yana tsoron dattawa su kira shi gunki, ba ta yi dariya ba. Ta cire fuskar robar da jakar huhun ta nuna masa, ta ce kayan aiki ne, kamfanin Laerdal na ƙasar Norway ya fara fitar da irinsa a 1960.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da kanta ta hana mu sayen mai tsadar. Ta ce ƙaramin ya ishe mu, ragowar kuɗin mu nemi ƙwararren malami, ko daga Red Cross ne, don saye ba shi ne iyawa ba.

Ina ma haka ake ko'ina. Dubi kasuwar Mile 12, dubi tashoshin mota da makarantun Islamiyyarmu, dubban mutane kullum, amma in wani ya faɗi ruwa kawai aka sani. Ga masu shaguna da sun ga hula da doguwar riga sai su ɗauka ba ka san abin da ka zo nema ba.

Yanzu duk Lahadi bayan La'asar matasanmu suna durƙushe a barandar masallaci suna ƙirga talatin, mata ma sun nemi a ware musu rana. In Allah Ya yarda za mu dawo sayen na jarirai. Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya saka wa wannan baiwa tasa da alheri.

Sakataren 'yan agaji,
Agege, Legas