A Tambayi Masu Masana'anta Inda Ledarsu Za Ta Ƙare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan leda da sauran abubuwan da masana'antu ke ƙunshe kayansu a ciki, amma ta fuskar mutumin karkara. Duk lokacin da aka tayar da wannan zance a rediyo ko a jarida, abin da ake ambata shi ne toshewar magudanan ruwa a birni da ƙazantar kasuwanni, sannan a rufe da kira ga jama'a su daina zubar da shara barkatai. Kiran ba laifi ba ne, sai dai ya tsallake mutumin da ya fi kowa iko a kan lamarin, wato wanda ya zauna a masana'anta ya yanke shawarar abin da za a yi mazubin da shi, da irin kaurinsa, da yawan abubuwan da za a manna wuri guda. A ganina tun a wannan zama ake yanke wa mazubi hukunci, ko dai ya koma hannun mai sake amfani da shi, ko ya ruɓe ya zama ƙasa, ko kuwa ya zo ya kwanta a gonakinmu shekara da shekaru.

Wanda bai san ƙauyukan da ke kewaye da Kano ba zai yi mamakin yadda sharar birni take isowa gona. Tun kaka da kakanni manoman Kumbotso da Dawakin Kudu da Gezawa da Ungogo suke shiga birni da jakuna ɗauke da itace da kara, su komo da mangaloli cike da takin juji, kuma wannan taki yana cikin dalilan da suka sa ƙasar da ake nomawa kowace damina ba hutu ta ci gaba da ciyar da jama'a. Abin da ke cikin jujin a wancan zamani toka ce da kashin awaki da ganye da tsummokaran auduga da fasasshiyar ƙwarya, waɗanda ruwa ɗaya ko biyu ke mayar da su ƙasa. Yau tifa ce take kawowa, manomi ya biya kuɗinsa a juye masa a bakin gona da rani, amma kafin ya baza sai ya sa yara sun wuni suna tsince baƙar leda da ledar ruwa da ta madara da ta sabulun gari, a tara a cinna wuta, hayaƙin ya turnuƙe gari. Abin da ya tsere wa hannun yara garma ce za ta binne shi, sai ranar noman firi fartanya ta riƙa fito da shi yana nan yadda yake, har rubutun kamfanin bai goge ba. Inda leda ta kwanta a ƙarƙashin kunya, saiwar gero ba ta ratsa ta, ruwa kuma ba ya nitsewa yadda ya kamata. Wadda iska ta kwashe kuwa, dabba ce za ta haɗiye ta saboda ƙanshin mai ko gishirin da ke jikinta. A tambayi kowane mahauci a kasuwar Wudil ko ta Maigatari abin da yake tararwa in ya farke tumbin saniyar da ta rame ba a san ciwonta ba, zai faɗi irin dunƙulen ledar da yake zarowa, a murɗe, ta yi tauri.

Ba ina kira a koma zamanin da ba ne, domin babu mai iya raba wa miliyoyin mutane ruwan sha a tulu ko ya kai madarar gari Gumel a ƙwarya. Abin lura kawai shi ne, huhun goro da ake naɗewa da ganyen fita, da jakar kaba, da buhun algarara da aka gina dalar gyaɗa da shi, duk mai yin su ya san inda za su ƙare tun kafin ya fara. Wannan sani shi ne ya ɓace daga masana'antun yau, kuma shi nake so a tilasta musu su dawo da shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane mazubin da aka tsara da hankali ita ce a duba buhun ɗan jari-bola. Zai ɗauki robar lemo da ta ruwa, domin mai kunun aya da mai zoɓo da mai man gyaɗa suna saye, wadda ta lalace kuma a niƙa ta a sayar. Zai ɗauki fasasshiyar buta da bokiti da silifas, domin akwai masu narkawa a Sharaɗa da Dakata su sake zuba wasu. Zai ɗauki gwangwani da kwali. Amma ba zai sunkuya wa ƙullin madara na shayi ɗaya ko na sabulun gari ko na kayan ɗanɗano ba, kuma yana da hujja. Irin wannan ƙulli ba leda ɗaya ba ce, hawa biyu ne ko uku na roba iri daban-daban, sau da yawa da ɗan siririn alminiyon a tsakani, an manne su yadda ba mai iya raba su, in aka narka su tare kuma ba abin kirki da zai fito. Kamfanin ya yi haka ne don kayansa su daɗe a kanti, kuma mu talakawan karkara mu ne manyan masu sayen ƙananan ƙulli saboda ƙarfin aljihu. Ribar ta tsaya a kamfani, ɗawainiyar kuwa ta faɗa kan manomi da makiyayi waɗanda ba a yi shawara da su ba. Ita ma baƙar ledar cefane an mayar da ita siririya har ba ta yin amfani sau biyu, kuma kafin a tara kilo ɗaya an sha wahalar da kuɗinta bai kai ba.

Ya kamata a yi wa roba adalci, domin akwai wuraren da ta fi abin gargajiya. Buhun adana wake mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ake yin sa a nan Kano, roba ne daga ciki har waje. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, ana ɗaure kowane da kansa, ƙwarin da ke ciki su mutu don rashin iska, ba tare da an zuba fiya-fiya ba. In ba a bari ɓera ko tsinke ya huda shi ba, zai yi kaka fiye da ɗaya. Duk wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ya san darajar wannan buhu. Haka ma tumatir. Kwandon da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas abu ne mai ruɓewa, amma in aka jera wani kan wani a tirela, nauyin yana sauka a kan tumatir ɗin ne, na ƙasa ya isa a dame. Kiret ɗin roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyi, ana wanke shi, ya je ya dawo shekaru. Matsalarsa tsada ce da kuɗin dawo da shi fanko, abin da haya ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa za ta iya sauƙaƙawa. Saboda haka ma'aunin ba wai roba ko ganye ba ne, ma'aunin shi ne sau nawa abu zai yi aiki, kuma wa ke jiran ya karɓe shi in ya gama.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne rama. Kusan kowane manomi a Kano da Jigawa yana yafa ta a gefen gona, mata su yi kwaɗo da ganyenta, dattawa su jiƙa karan a kududdufi har ɓawon ya saki, su tufka igiyar ɗaure akuya da ta guga. Wannan ɓawo yana yin buhu irin na algarara. Ita kanta algarar da muke sayowa daga Indiya da Bangaladash, da ɓawon wani tsiro ake saƙa ta wanda dangin lalon miyarmu ne. A shekarun 1960 an kafa masana'antun saƙa irin wannan buhu a Jos da Badagry da niyyar su dogara da ramar manoman ƙasar nan, daga baya suka mutu, saƙaƙƙen buhun roba ya mamaye kasuwa, kuma har yau masu fitar da koko da kashu waje sai sun shigo da algarara da kuɗin ƙetare. Indiya ba ta bar abin ga kasuwa kawai ba. Tun 1987 ta yi dokar da ta wajabta zuba wani kaso na hatsi da sukari a algarara, Bangaladash ma ta yi irin tata a 2010, kuma waɗannan dokoki su ne suka riƙe wa manomansu kasuwa. Mu da muke da kasuwar Dawanau, inda riɗi da zoɓo da wake da citta ke wucewa tirela-tirela, ba mu da dalilin rasa masana'anta ɗaya mai saƙa buhun rama. Buhun da ke shan iska ya fi dacewa da kayan da gumi ke ɓatawa, in ya yage a ɗinke, in ya tsufa a yi wa jaki akumari da shi, in ya ƙare a jefa a ramin taki.

Akwai kuma kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogi ke cika da janyewa. Ta hana masunta da manoman rani sakat, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, kuma ana kashe kuɗi wajen yanke ta ta sake tsirowa. Ita da karan shinkafar da wasu ke cinna wa wuta a Kura da Auyo, ana iya dafa su a mayar da su dagwalon yin takarda, a matse shi a siffar da ake so a fitar da mazubin abinci ko kwali, kamar dai yadda ake yin kiret ɗin ƙwai da tsofaffin takardu. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe kafin ƙarshen shekarun 1990, kuma dogaro da kayan sarrafawa daga waje yana cikin abin da ya kayar da su. Sai dai ina gargaɗin masu zuwa daga birni da takardun bincike cewa ba kowane abu da suka gani a gona bayan girbi ne shara ba. Karan dawa danga ne da makamashi, harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce tsaba a bazara, kuma duk masana'antar da za ta yi gasa da akuyar matar aure a kan abincinta ta kawo sabuwar matsala. Haka nan a yi hattara da ledar da ake tallatawa cewa tana narkewa da kanta. Wata irinta farfashewa kawai take yi ta zama ɓurɓushin da ba mai iya tsincewa, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta daga 2021, wadda ake yi da masara ko rogo kuwa galibinta ba ta ruɓewa sai a wurin haɗa taki mai zafi na musamman, ga shi kuma abincin mutane ake ɗiba a yi ta.

Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana roba mai amfani sau ɗaya a ma'aikatunta. Na san za a samu masu cewa Kano da Jigawa su kwaikwaya, amma ba a fafe gora ranar tafiya. In aka yi hani ba a tanadi madadi mai araha ba, mai ƙosai da mai awara da yaro mai tallan gyaɗa za a kama, wanda ya ƙera ledar yana ofishinsa ba abin da ya same shi.

Hukumar NESREA, wadda ke tabbatar da bin dokokin muhalli a matakin tarayya, tana da tsarin da ya ɗora wa mai masana'anta alhakin mazubinsa har bayan an sayar, kuma kamfanonin lemo da abinci sun kafa ƙungiyar tattara robobinsu a 2018, amma a manyan birane ake jin ɗuriyar wannan aiki. Alhali mun san yadda ake yi, domin a zamanin lemon kwalba ba ka fita da kwalba daga shago sai ka bar kuɗinta, kuma ba a ganin kwalba a juji. Ledar ruwa roba ce iri ɗaya, tana narkuwa, farashi kawai ta rasa. Motocin da ke kawo ruwan leda da madara da sabulu kasuwannin ƙauye ranar cin kasuwa fanko suke komawa, don haka babu abin da zai hana majalisun dokokin jihohin biyu su wajabta wa dillalai ajiye ma'auni a kowace kasuwar mako, su sayi ledar kamfanoninsu a kan kilo su tafi da ita, tare da ɗora haraji mafi nauyi a kan mazubi mai hawa-hawa wanda ba ya narkuwa.

Game da rama kuwa, gwamnatocin jihohin biyu suna cikin manyan masu sayen buhu, na hatsin ajiya da na kayan tallafi da na irin shuka. Idan suka yi alkawari a rubuce cewa wani kaso na waɗannan buhuna na rama za a saya na tsawon shekaru, mai jari zai sami ƙarfin zuciyar kafa injin saƙa, sannan a sanar da farashin kilon ɓawon rama ta bakin dagatai da malaman gona kafin faɗuwar ruwa, domin manomi ya san kunya nawa zai ware mata.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin gona,
Ƙaramar Hukumar Dawakin Kudu, Jihar Kano.