Zuwa ga malamin da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum Malam,

A shirin da aka gayyace ni makon jiya ka bugo waya ka ce: "Kuna cewa hazo ya taɓa rufe sararin samaniya, taurarin farko suka kore shi. Wa ya gani?" Lokaci ya ƙure mana kafin in amsa, to ga amsar.

Ba wanda ya gani, Malam, sawu muke bi. Hazon nan iskar haidurojin ce. Hasken taurarin farko ya yi ta fizge wa ƙwayoyinta ilektiron har ta daina tare haske, aka gama wajen shekara biliyan 1 bayan fara halittar sararin. Shi kuwa hasken da ya taso daga nesa sosai sai yanzu yake isowa, saboda haka tsohon labari yake kawo mana.

Ka san yadda fitilar mota take dushewa cikin hazon hunturu? A 1965 James Gunn da Bruce Peterson suka ce idan hasken kwaza, wato cibiyar tarin taurari mai tsananin haske, ya ratso ta wannan iska, za a ga wani launinsa ya ɓace. Sai a 2001 aka ga giɓin sarai a wata kwaza mai nisan gaske. Wannan hujja ce da na aminta da ita, sai dai ƙarshen lamarin kawai take nunawa.

Domin a ga tsakiyarsa, sai a saurari haidurojin ɗin kanta. Tana fitar da zangon rediyo mai tsawon santimita 21, wato megahaz 1420. Da yake sararin samaniya yana ta faɗaɗa, faɗaɗar ta miƙar da shi a hanyarsa ta zuwa gare mu, ya sauko ƙasa da megahaz 200, wani sashensa ma ya faɗa daidai zangon FM. Ka ga irin tashar da muka yi hira a cikinta ita ce babbar mai hana ruwa gudu! Shi ya sa aka kai na'urar sauraro ta HERA, mai faranti 350, can cikin ƙungurmin dajin Karoo a Afirka ta Kudu, nesa da hayaniyar tashoshin rediyo. Ko a can ɗin ma, hayaniyar rediyo daga tarin taurarin da duniyarmu take cikinsa ta ninka siginar haidurojin ɗin sau dubbai.

A nan nake taka-tsantsan. A 2018 masu na'urar EDGES a Ostareliya suka ce sun ji alamar taurarin farko a megahaz 78. Masanan Indiya suka ɗora tasu, SARAS 3, a kan ruwan tafki suka saurara, a 2022 suka ce ba su ji ta ba. Idan ɗalibanka sun tambaya, ka ce musu wannan kam ana nan ana saurare.

Wassalam.