Amsa ga ungozomar Gadarif: me Dokta Charpak ta rubuta, kuma me ya haɗa shi da bakwaininmu?

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da masu jegon da ke hannunki. Tambayar da kika jefo mini a gaban jama'a wajen taron ma'aikatan lafiya a Gadarif ta ƙasar Sudan ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na ce bari in rubuto a fili kowa ya karanta. Cewa kika yi: wace ce wannan Dokta Nathalie Charpak da muke yawan kama sunanta in ana maganar goyon ƙirji, wato ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, alhali akwai masu binciken da suka fi ta tarin takardu? Kika ƙara da cewa anya ba don an ga ba mu da kwalba da wutar lantarki ba ne ake lallashinmu da zane?

Zarginki yana da tushe, domin rashi ne ya haifi wannan goyo. A 1978 wani likita, Edgar Rey, ya fara shi a wani babban asibitin haihuwa a Bogota, ƙasar Kolombiya, inda kwalabe suka yi kaɗan har ana cusa jarirai biyu ko uku a guda, cuta tana bin su. Alƙaluman farko da aka yaɗa sun yi kyau fiye da kima. A 1985 wasu ma'aikatan lafiya biyu daga Ingila, Whitelaw da Sleath, suka je suka gani da idonsu, suka rubuta a mujallar Lancet cewa lissafin bai haɗa da jariran da suka mutu a kwanakin farko kafin a sa su cikin shirin ba. Daga nan manyan likitoci suka ɗauke shi dabarar talaka, suka kau da kai.

A nan Charpak ta shigo. Likitar yara ce 'yar Faransa da ta koma Kolombiya da zama, ta kafa gidauniyar goyon kangaru, sunan da ake kiran goyon ƙirji da shi, a Bogota a 1994. Ita da abokan aikinta, ciki har da Juan Gabriel Ruiz da Zita Figueroa, suka yi abin da ba a yi ba tun farko: suka ɗauki jarirai 746 da aka haifa da nauyin giram 2,000 ko ƙasa da haka, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya a ƙirjin uwa, ɗayan a kulawar asibiti da aka saba. Sakamakon ya fito a mujallar Pediatrics a 1997. Ki lura da kyau, wannan binciken bai tabbatar da raguwar mace-mace ba. Abin da ya nuna shi ne ɗan ƙirji bai fi ɗan kwalba shiga haɗari ba, ya fi saurin barin asibiti, miyagun cututtukan da ake ɗauka a asibiti sun ragu, shan nonon uwa ya ƙaru. Ta faɗi iya abin da ta samu, ba ta ƙara gishiri ba, kuma wannan ne ya sa waɗanda suka kau da kai suka juyo.

Ba ta saki yaran ba. Bayan shekara 20 aka nemo waɗanda aka iya samu, aka buga sakamakon a 2017: waɗanda aka goya a ƙirji sun fi ƙarancin fashin makaranta, rawar kai da faɗa. Ni dai ina karanta wannan takarda da taka-tsantsan, domin da yawa daga cikin yaran ba a same su ba. Duk da haka mai binciken da zai bi jariri har ya yi gemu ba su da yawa.

Maganar yawan takardu kuwa, jami'o'i suna auna mutum da ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005. In aka ce h na mutum 30 ne, yana da takardu 30 da aka ambaci kowacce sau 30 ko fiye. Ma'aunin yana ƙidaya ambato ne kawai, har da na wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, da takardar da sunanka ya zo na 40 cikin marubuta 50. A fanninmu ki riƙa tambayar abu biyu: wasu sun maimaita binciken a wata ƙasa sun samu abin da ya samu? Kuma ya sauya abin da ake yi a bakin gadon mai jego?

Ga yadda nata ya kasance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar goyon kangaru a 2003. A 2016 nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ya tattara bincike 21 da jarirai 3,042, ya samu raguwar mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Sai babban gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirji nan take, ba a jira sun murmure a kwalba ba, kashi 12 cikin 100 suka rasu a kwana 28 na farko, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 15.7. Asibitocin nan duk suna da na'urorin ɗumama jarirai, saboda haka maganar wai dabarar marasa kwalba ce ta faɗi a nan. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara goyon da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana, sai dai jaririn da bai iya numfashi da kansa bayan an farfaɗo da shi, ko wanda jininsa ya faɗi, ko mai buƙatar na'urar numfashi.

To ga aikin kansa, tunda tun barkewar yaƙi a Afrilun 2023 ɗakunan haihuwa na Gadarif da Kasala suke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Jariri tsirara, sai hula, safa da kunzugu. A tsaye tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, hannuwa da ƙafafu a lanƙwashe kamar kwaɗo. Kai a juye gefe guda, a ɗan ɗage, domin in haɓa ta faɗa ƙirji hanyar iska ta toshe. Bakin zanen na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ya kama ƙirjinsa sosai, amma kada ya matse ciki, don da ciki bakwaini yake numfashi. Tob, mayafin matan Sudan, mai santsi bai riƙewa, a ɗaura zanen auduga daga ciki, ta yafa tob a kai. In za ta yi barci a tokare ta da matasai, ta kishingiɗa. Kada zama ɗaya ya gaza awa guda, yawan ɗauka da saukewa yana wahalar da shi. In za ta shiga wanka, miji ko kaka ko ƙanwa ta karɓa a ƙirjinta. Hayaƙin dukhan, wato turaren jiki na matan Sudan, da turaren wuta kuma a nisanta su da ɗakin.

Za ki ji ana cewa Sudan ƙasar zafi ce, ina jariri zai ji sanyi? Ɗan kilo ɗaya da rabi ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Fanka, jiƙaƙƙen kunzugu ko sanyin asuba sun isa su saukar da shi. Ki auna hammata, ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5.

Inda aka fi yin sake shi ne ciyarwa, alhali a tsarin Charpak abu uku ne ke tafiya tare: ƙirji, nonon uwa zalla, da sallama da wuri tare da bibiya. Dakashi shi ne farkon abin da zai shiga bakinsa, ko ɗigo ne. Ba zuma, ba ruwan dabino, ba ruwan sukari. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 32 zuwa 34 na ciki, saboda haka wanda bai kai ba sai a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, ƙanana sosai kuma ta robar hanci. Kofin a jingina a leɓen ƙasa ya lasa da kansa. In kika ɗura, sai ya shaƙe, nono ya gangara huhu.

Ana farawa da kusan mililita 60 a kowane kilo a ranar farko, a riƙa ƙarawa kullum har ya kai 150 zuwa 180 cikin mako biyu. Misali, ɗan kilo 1.5 da ya kai 150 zai sha mililita 225 a yini: wajen 19 duk awa biyu, ko 28 duk awa uku, har da dare. In ya yi barci a tashe shi. A zafin nan namu, ba firji, a tatsi abin da zai sha a lokacin kawai. Madarar gwangwani kuwa, binciken Lucas da Cole na 1990 a kan bakwaini 926 a Ingila ya nuna ruɓewar hanji ta ninka sau 6 zuwa 10 ga masu shan ta zalla a kan masu shan nono zalla, balle a sansanin da ruwan sha ma abin tsoro ne. In dole sai nonon wata mace, a gwada jininta, a kuma rubuta sunayen, tunda shayarwa tana haramta aure.

Sikeli ne zai gaya miki gaskiya. Zai rage nauyi a kwanakin farko, har zuwa kashi 10 cikin 100, ya mayar cikin mako ɗaya zuwa biyu. Daga nan ana son giram 15 a kowane kilo kullum, wato wajen giram 22 ga ɗan kilo 1.5. Sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, tsirara. In ya tsaya cak, ki duba uku: sanyi, ƙarancin nono, ko cuta. Ki kuma sa uwar ta tatse nonon farko mai ruwa-ruwa ta ba shi na ƙarshe mai maiƙo.

Kada ki sallame su sai ya jera kwana uku yana ƙara nauyi, ɗuminsa bai motsa ba, kuma kin tabbata za su iya dawowa awo. Ki sa uwar ta maimaita miki da bakinta abin da zai sa ta garzayo ko da tsakar dare: ɗaukewar numfashi, numfashi sama-sama ko gurnani, ƙin tsotso, kumburin ciki, jijjiga, jiki ya yi sanyi ko zafi, ko shawara ta sauko tafin hannu da ƙafa. Goyon zai ci gaba har ya kai kilo 2.5 ko lokacin da aka yi tsammanin haihuwarsa, a nan za ki ga yana mutsu-mutsu yana zaro hannu, yana kuka in an mayar da shi.

Ki gaishe mini da sauran ungozomomi.

Wassalam,
Babanki a wannan aiki.